Inci Ɗaya a Madadin Ƙafa Ɗaya: Awon da Ke Riƙe da Gidan 'Yar Tsana

A fadar Windsor da ke Ingila akwai wani gida da mutum ba zai iya shiga cikinsa ba, amma an ja masa ruwan famfo da wutar lantarki, har da na'urar hawa bene. Mashahurin mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ne ya tsara shi domin Sarauniya Mary, aka fara aikin a 1921, aka kammala a 1924. Duk abin da ke ciki, daga kujeru har littattafan ɗakin karatu, an yi shi bisa ƙa'ida guda: inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wato 1:12. Masu zuwa kallo sukan yaba hannun masu sana'ar da suka yi aikin, kuma sun cancanci yabo. Sai dai a ganina abin da ke sa ido ya yarda cewa gida yake kallo shi ne wannan awo ɗaya da kowa ya tsaya a kansa. Da kowane kafinta da maƙeri ya ƙanƙanta nasa yadda ya ga dama, da tarin kayan wasa masu kyau kawai za a samu.

Lambar 12 tana da dalili. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, don haka mai aiki a Ingila ko Amurka ba ya wahalar lissafi: ya auna da ƙafa, ya yanka da inci. Kafintocin Najeriya da har yau suke awo da inci da ƙafa za su gane sauƙin nan take. Wanda ya saba da santimita kuwa, kamar a Nijar, sai ya raba da 12. Ƙofa mai tsayin mita 2 ta dawo kusan santimita 17, teburin cin abinci mai santimita 75 ya dawo 6 da 'yan kai, mutum mai mita 1.8 ya zama ɗan mutum-mutumi mai santimita 15. Akwai kuma 1:24, inda rabin inci ke tsayawa a madadin ƙafa, da 1:48, da 1:144, wanda shi ne gidan 'yar tsanar da za a ajiye a cikin gidan 'yar tsana. Duk yadda lambar ta ƙaru, kayan suna ƙara ƙanƙancewa. Gidan 1:24 rabin tsawon na 1:12 ne, amma kwatan fili kawai yake ci a kan tebur, domin tsawo da faɗi duk sun ragu, kuma wannan ne ke jawo masu ƙaramin ɗaki gare shi.

Inda ake yawan asara shi ne tsakanin awon da ke maƙwabtaka da juna. Ba wanda zai sa gadon 'yar tsanar Barbie, wadda ta fito a 1959 bisa awon kusan 1:6, a ɗakin 1:12, domin ko ƙofa ba zai wuce ba. Amma kayan kamfanin Lundby na Suwidin, da ke tsakanin 1:16 da 1:18, a hoto ba su da bambanci da na 1:12. A ɗauki kujera wadda mazauninta ke da tsayin santimita 45. A awon 1:12 za ta tashi 3.75, a 1:16 kuma kusan 2.8. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba, amma idan aka jera ƙaramar da teburin 1:12, tamkar an zaunar da magidanci ne a kujerar ɗan firamare, tebur ya zo masa ƙirji. Ido bai san lambobin ba, amma tun yarinta ya haddace tazarar kujera da tebur, da ta mariƙin ƙofa da ƙasa, kuma da zarar an saɓa sai ya ji wani abu bai zauna daidai ba. Shi ya sa mai hankali yake zaɓar awo kafin ya sayi ko da cokali, ya kuma tambayi tsayin kaya da santimita maimakon ya dogara da hoto.

Wani zai ce ai wasan yara ne, yarinya ba ruwanta da ma'auni. Akwai gaskiya a nan, kuma masu ƙera kayan wasa da gangan suke kaurara ƙafar kujera don kada ta karye a hannun yaro. Amma ko yarinyar takan yi fushi idan 'yar tsanarta ta fi gadonta tsawo. Sannan tarihi bai nuna cewa don yara aka faro abin ba. Gidan 'yar tsana na Petronella Oortman da ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, wanda aka haɗa tsakanin 1686 da 1710, mallakar matar attajiri ne da ke nuna wa baƙi dukiyarta. A shekarun 1940 kuma Frances Glessner Lee ta Amurka ta ƙera ƙananan ɗakuna bisa awon 1:12, kowane na nuna wurin da aka tsinci gawa, domin horar da masu binciken kisan kai. A irin wannan aiki, nisan gawa daga taga hujja ce, kuma idan awo ya kauce, ɗan sanda ya koyi ƙarya.

Suka mafi ƙarfi daga masu sana'ar take fitowa. Sukan ce bin lissafi ido rufe shi ma yana ɓata aiki, domin kayan aiki ba sa ƙanƙancewa tare da zane. Wannan haka yake. Idan aka yanki labulen gaske aka rataya a tagar 1:12, kaurinsa ya ninka sau 12, sai ya tsaya ƙiƙam maimakon ya zuba. Katako mai manyan jijiyoyi kuwa yakan tona asirin ƙaramin kabad tun daga nesa. To amma wannan suka, in an duba, ƙarin aiki take ɗora wa awo. Ƙwararre yana neman siliki ko auduga mai laushi, da katako mai ƙananan jijiyoyi, da zare mafi siranta, domin kaurin ƙyalle da zanen katako su ma su bi lambar da tsawo da faɗi suka bi. Ƙananan ɗakuna 68 na Narcissa Thorne da ke gidan adana zane-zane na Chicago, waɗanda aka yi a shekarun 1930, a kan wannan suka yi fice: har dardumar ƙasa an saƙa ta da ɗinki ƙanana, yadda adonta zai dace da ƙafar kujerar da ke kanta.