Iskar da ke cin ganye a ɓoye

Daga cikin abubuwan ban al'ajabi na halittar Ubangiji akwai wata iska da masana ke kira ozon, wadda idan tana can sama, nesa da gajimare, garkuwa ce mai tare mana cutar hasken rana, amma idan ta samu a nan ƙasa, inda mutum da dabba da itace suke numfashi, sai ta zama dafi. Ba bututun mota ne ke fitar da ita kai tsaye ba. Hayaƙin motoci da masana'antu ne rana ke dafawa har ta haifu, kamar yadda malami Arie Haagen-Smit ya tabbatar a birnin Los Anjalas na Amurka a farkon shekarun 1950.

Gabas da birnin akwai duwatsun San Banadino, masu dazuzzukan wani dogon itace mai ganye kamar allura, wanda ake kira fandarosa. A cikin shekarun nan ne ma'aikatan gandun daji suka lura ganyensa na yin ɗigo-ɗigon rawaya, tsofaffin ciki suna zuba tun wa'adinsu bai yi ba, har reshe ya zama sai ɗan tuntu a bakinsa kamar jelar zaki. Da suka rasa sababin abin, sai suka laƙaba masa "cutar X". Sai a 1963 Paul Miller da abokan bincikensa suka kafa hujja, domin da suka rufe ganye mai lafiya suka busa masa ozon, alamomin nan ne suka bayyana. Ashe iskar teku ce ke ɗauko hayaƙin birni da rana, ta kai shi kan dutse, ozon ya shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙa da su, ya ƙona cikinsa, itace ya gaza haɗa abincinsa, saiwa ta raunana, daga bisani ƙwaron da ke huda ɓawo ya zo ya ƙarasa shi.

Auna abin da ido ba ya gani, a dajin da babu lantarki, aiki ne mai bukatar haƙuri. Akan rataye ɗan ƙaramin mazubi mai takardar da aka jiƙa da sinadari, a bar shi mako biyu, sa'an nan a kai ɗakin gwaji. Akan kuma dasa wata irin taba mai suna Bel-W3, wadda saboda rauninta takan riga sauran tsirrai nuna tabo. A Turai kuwa, inda aka kafa shirin sa ido kan dazuzzuka a 1985, akan tara duk yawan ozon da ya haura kashi 40 cikin biliyan a iska, sa'a bayan sa'a da rana, daga Afrilu zuwa Satumba.

A ganina, wanda ya tsaya ga wannan lissafi kaɗai ya riƙi zahiri ya bar baɗini, gama abin da ke cikin iska daban, abin da itace ya haɗiya daban. A shekarar fari ganye yakan rufe ƙofofinsa don tattalin ruwa, dafin ya wuce shi. A shekarar ni'ima kuwa yakan buɗe su, ya sha da yawa ko da ma'auni ya nuna kaɗan. Saboda haka ne har yanzu ake tura mutum ya yanko reshe, ya sa madubin ƙara girma, ya duba ganye ɗaya bayan ɗaya.