Canza Ƙwan Fitila a Ofisoshin Doka: Ƙaramin Aiki Mai Babbar Riba

Garin Doka yana kan hanyar da ta tashi daga Gadarif ta nufi Galabat, a iyakar Sudan da Habasha. Ƙasa ce ta dawa da riɗi, kuma jihar ta daɗe da zama gida ga 'yan uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka.

Sudan ta kashe dukiya mai yawa wajen samar da lantarki. An buɗe madatsar ruwa ta Marawi mai megawat 1,250 a shekarar 2009, sannan ta Atbara da Setit mai megawat 320 a 2017. To amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 bai bar waɗannan ayyuka ba. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Marawi da tashar Shuwak ta jihar Gadarif, garuruwa da dama suka kwana cikin duhu.

Duk lokacin da haka ta faru, asibiti da makaranta da ofishin hukuma sai su koma ga janareto ko faifan sola. A nan ne ƙwan fitila yake nuna halinsa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi, alhali ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da nasa. Tsohon yakan mutu bayan awa 1,000, sabon kuwa yakan kai awa 15,000 ko fiye.

Mu ɗauki ofishi mai dogayen fitilu 20, kowace mai wat 36, suna ci awa 8 a yini. Za su sha kilowat-awa 5.76. Idan aka sauya su da na LED masu wat 18, lissafin zai sauko zuwa 2.88. Ma'ana, batirin da a da yake ƙarewa da azahar zai iya kai fitilun har magariba, ko a juya rarar ga firjin ajiye alluran rigakafi.

Wannan ba sabon abu ba ne a nahiyarmu. A shekarar 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatin Gana ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ta rage nauyin megawat 124 daga layinta. Sai dai irin waɗancan ƙwayaye da dogayen fitilun ofis suna ɗauke da zaiba, wadda guba ce idan suka fashe. Shi ya sa a taron yarjejeniyar Minamata na 2023 a Janeba, bisa shawarar ƙasashen Afirka, aka tsayar da 2027 a matsayin wa'adin daina ƙera su.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ofisoshi da kwamitocin unguwa da su fara da ɗakunan da fitila ta fi daɗewa a kunne, kamar ɗakin haihuwa da na masu gadi. A duba adadin hasken da aka rubuta a kwali, a guji jabu mai araha, a shafe bango da farin fenti, a buɗe tagogi da rana. Da ma Hausawa sun ce da sannu-sannu ƙwana nesa. Allah ya dawo wa Sudan da zaman lafiya, amin.