Garin mutardi a suyar kaza: me ya sa wani lokaci ba a jin sa?

A watan Agusta na 2016, jaridar Chicago Tribune ta Amurka ta buga wata takarda da aka rubuta da hannu, wadda wani daga cikin dangin Kanar Sanders, mutumin da ya kafa KFC, ya nuna wa wakilinta. Takardar na ɗauke da kayan haɗi 11 da ake zubawa a kofi biyu na fulawa kafin a turbuɗa kaza a soya. Kamfanin ya ce ba sirrinsa ba ne, amma masu girki ba su daina gwada ta ba. Cikin jerin akwai cokali ɗaya na garin mutardi, wanda a Najeriya ake ce wa mastad.

Mazauna Yawunde, Duwala ko Njamena sun fi sanin mutardin kwalba, wanda ake shafa wa kaza da kifi kafin a ɗora su kan gawayi. Garin daban yake: ƴaƴan shukar ne kawai aka niƙa aka tankaɗe. Wanda ya fi suna shi ne na Colman's mai gwangwani ruwan ɗorawa, da aka fara yi a Ingila tun 1814.

Wanda ya saya ya zuba a fulawa, ya soya kazarsa, sau da yawa sai ya ji kamar bai sa komai ba, har ya yi zargin jabu aka sayar masa. Alhali haka halin garin yake. Barkono yajinsa na jikinsa, a bushe ko a jiƙe. Shi kuwa mutardi, muddin yana bushe, kusan ba shi da ƙamshi ko yaji. A cikinsa akwai sinadarai biyu da ba sa aiki sai ruwa ya haɗa su, kuma daga haɗuwarsu ne ake samun wannan zafin da ke hawa hanci. Aikin na ɗaukar kamar minti 10 a ruwan sanyi. Zafi yana kashe ɗaya daga cikin sinadaran, tsami kuma yana rage masa ƙarfi. Ke nan garin da aka barbaɗa a busasshiyar fulawa aka jefa nan take cikin tafasasshen mai bai samu damar farkawa ba. Abin da zai bari shi ne ɗan ɗanɗano mai sauƙi da ke rage gundurar maiƙo. Wannan ma ba laifi, idan shi ake nema.

Mai son a ji mutardin sosai sai ya dama babban cokali ɗaya da ruwan sanyi daidai yawansa, ya bar shi minti 10, sannan ya juye a kindirmo tare da gishiri, tafarnuwa da citta, ya jiƙa kazar na ƴan sa'o'i a firij. Tsamin kindirmon a wannan gaɓar taimako yake yi, domin yana riƙe yajin da ya riga ya fito. Kada a dama da ruwan zafi, ɗaci kawai za a samu. Bayan an turbuɗa naman a fulawa, a ajiye shi kamar minti 15 har fulawar ta jiƙe ta kama jikinsa. Hakan na hana ɓawon zubewa a kasko. Mai ya tsaya wajen digiri 170 zuwa 175, don idan ya wuce haka ɓawon zai ƙone ciki bai nuna ba.

Ana iya amfani da na kwalba a madadin garin, cokali uku a maimakon ɗaya, sai dai a rage gishiri tun da akwai shi a ciki. A kuma duba rubutun jikin kwalbar: wasu nau'o'in mutardin Dijon ana sa musu farar giyar inabi, wadda ake rubutawa “vin blanc”. Garin zalla ba shi da wannan matsalar.

Masu sayar da soyayyiyar kaza su riƙa faɗa wa masu saye idan sun sa shi. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar mutardi, yana sa musu kumburi ko sarƙewar numfashi, shi ya sa yake cikin abubuwa 14 da dokar Tarayyar Turai ta wajabta a bayyana a jikin kayan abinci. A cikin ɓawon kaza kuwa ba a ganin sa da ido.