Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Rufin Asirin Mai Jinya A Gida

Labarin da zan ba ku, kuskuren cikinsa da bakina na yi shi. Sai da na nemi iznin mutanen gidan kafin in rubuta, kuma ba zan faɗi suna ko unguwa ba.

Bara da bazara, wata ƴar ƙungiyarmu a nan Tawa ta same ni gida bayan sallar lisha. Uwar mijinta ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta daga babban asibitin jiha, ba ta tashi, fitsari ma ba ta iya riƙewa. Maigidan yana Abijan wajen biɗa, ƙanensa yana Libiya. Tana son jika biyar daga asusun taimako ta sayi sabulu, da ledar shimfiɗa, da zannuwa biyu na canji.

Ranar zubi, da aka buɗe akwati, ina son mata su yarda da sauri, sai na zayyana komai a gaban taro: yadda tsohuwar take jiƙa shimfiɗa, yadda ake wanki sau uku a yini, yadda ɗakin yake. Nan take aka amince. Na koma gida ina ganin na yi aikin lada.

Kafin kasuwar Lahadi ta ci, magana ta kai bakin famfo da wajen injin niƙa. Masu dubiya suka yi ta zuwa, wasu suna duban tabarma kafin su dubi fuskarta. Tsohuwar ta gane. Sai ta daina shan ruwa da rana, cikin zafin watan Afrilu, don kada ta jiƙa zane a gaban baƙi. Bayan ƴan kwanaki jikinta ya bushe, sai da aka mayar da ita likita aka yi mata ƙarin ruwa. Da na je gaishe ta, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sa'annan ta ce: "Ɗiyata, mi niy yi maki da kinka kwance mani zane cikin kasuwa?"

Ban samu abin cewa ba. Magana zarar bunu ce.

Jinya a hannunmu take

Daga Tawa zuwa Barmu, Kalfu, Afala da Takanamat, kowa ya san yadda Adar take komawa bayan girbi. Maza sun tafi biɗa Abijan, Nijeriya, Kamaru ko Libiya, an bar gida da mata da yara da tsofaffi. Idan ciwo ya kayar da mutum, mu ke wanka, mu ke kai fo, mu ke riƙe takardar magani. Wadda take wannan aiki tana ganin abin da ko ɗan da aka haifa bai taɓa gani ba.

Ga kuma asusu. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙarfinsa shi ne komai a fili: a ƙirga kuɗi a gaban kowa, a rufe akwati da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku. Wannan shi ya tsare mana dukiya. Kuskurena shi ne na ɗauka ciwon mutum ma a fili ake ƙirga shi kamar kuɗin zubi.

A cikin ɗaki

Mutum ko ya kwanta bai daina zama mai ɗakinsa ba. A yi masa sallama, a jira ya amsa ko ya yi alama. Neman izni kafin shiga gidan wani yana cikin Suratun Nur, kuma malamanmu ba su ce ciwo yana ɗauke shi ba.

Lokacin wanka ko canjin zane, a saki labule, a fitar da yara. Kada a tuɓe mutum gaba ɗaya. A buɗe wurin da ake wankewa, a rufe shi, sa'annan a wuce gaba. A riƙa gaya masa abin da za a yi: "Inna, zan juya ki." Mai shanyewar jiki yana bukatar juyi kamar kowace awa biyu don kada fatar baya da ta kwankwaso ta yi gyambo, to juyin nan da yawa ne, kowane kuma da sutura ya kamata a yi shi. Idan tsoho ne namiji, a tambaye shi wanda yake so ya wanke shi, a nemo ɗa, ko jika namiji, ko amininsa na masallaci. Akwai dattijon da zai gwammace ya kwana cikin ƙazanta da a ce matar ɗansa ta ga tsiraicinsa.

Zannuwa da leda a shanya su bayan ɗaki, ba igiyar da ke fuskantar zaure ba. Kuma kada a yi hirarsa a kansa kamar ba ya nan. Da yawa daga waɗanda ciwo ya riƙe wa harshe suna jin duk abin da ake faɗi.

Dubiya lada ce, zumunta kuwa a ƙafa take. Amma mai dubiya ta aiko yaro ya tambaya tukuna, ta taƙaita zama, ta yi addu'a ta tashi. "Wai mi likita yac ce?" ba gaisuwa ba ce.

Waya ta fi bakin famfo sauri

Yanzu wata sabuwar ta shigo. Don a sa ƴan biɗa su aiko kuɗi, sai a ɗauki hoton tsohuwa kwance ba ɗankwali, a tura ta WhatsApp. Ɗa ya tura wa rukunin ƴan garinsu, kafin gari ya waye an gani a Abijan da Legas. Hoton da ya fita ba ya dawowa. In dole sai an nuna shaida, a tura hoton takardar kuɗin magani ga mutum ɗaya, ko a bar majinyacin ya yi magana da muryarsa idan ya yarda.

Hukuma ma ta san nauyin abin. A 2007 Nijar ta kafa doka kan cutar sida, aka sabunta ta a 2015, kuma tana kare sirrin mai ɗauke da cutar. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutum. Idan an hana likita faɗin ciwonki, maƙwabciya ba ta fi shi iko ba.

Inda shiru yake cutarwa

Rufin asiri ba ɓoye mara lafiya ba ne. Likita a gaya masa komai, kada a rage. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi awo, don tarin huka yana warkewa da maganin wata shida, kuma mutanen gida suna bukatar a duba su. Sanƙarau da amai da gudawa ba a kwana da su a ɗaki. Mai yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, aiki ake yi mata, sau da yawa ta warke. Akwai cibiya ta musamman a Danja kusa da Maraɗi, kuma ungozomar likita ta san inda za ta tura ta. In kika ga ana barin tsoho da yunwa ko ana dukansa, ki sami babba a dangi ko liman. Tambayar da nake yi wa kaina yanzu ita ce: wanda zan gaya wa, zai iya yin wani abu a kai, ko ji kawai zai yi?

Abin da muka gyara

Bayan abin nan ya faru, muka zauna muka sa ƙa'ida uku. Mai neman taimakon jinya ta sami shugaba da ma'ajiya su kaɗai. A taro sai a ce "larurar rashin lafiya", a faɗi adadin kuɗi, a ƙirga a gaban kowa yadda aka saba. A littafi ma haka magatakarda za ta rubuta, ba sunan ciwo. Wadda ta fitar da maganar jinya waje, ta biya tara kamar mai makara, kuma ta je da ƙafarta ta ba da haƙuri.

Wata daga cikinmu ta ce: "To in ba mu ji ba, ƙaƙa za mu san ba ƙarya aka yi muna?" Tambaya ce mai kyau. Shi ya sa muka ce mata biyu, ba ɗaya ba, kuma su je su gani da idonsu.

Ni na fara biyan tarar, ko da yake laifina ya riga dokar. Na koma wajen Inna sau uku kafin ta ce ta yafe. Yanzu tana shan ruwanta, kuma ita ke faɗin wanda zai shigo da wanda zai dawo gobe.

Ku ɗauki maganar nan ku kai ta taronku na wannan mako, tun kafin a buɗe akwati. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa mana asiri duniya da lahira.