Edinbara: Birni Biyu A Gari Ɗaya

Wanda ke son ya fahimci Edinbara, babban birnin Sikotilan, ba ya bukatar mota. Takalmi mai ƙwari da rigar ruwa sun ishe shi, domin a tafiyar yini guda zai ga yadda masu hali suka guje wa tsohon garinsu suka gina sabo, da irin halin da tsohon ya shiga bayan sun juya masa baya.

Daga kan dutse ake farawa. Fadar yaƙin garin tana bisa wani curin dutse, ragowar tsauni mai aman wuta wanda ya mutu tun fil azal. A cikinta akwai wata 'yar majami'a da Sarki Dauda na Ɗaya ya gina wajen 1130 don tunawa da mahaifiyarsa Margaret, kuma duk garin babu ginin da ya girme ta. Tun 1861 ake harba igwa daga nan da ƙarfe ɗaya na rana, ban da Lahadi da wasu ranakun idin Kirista, don matuƙan jiragen ruwa su daidaita agogunansu. Har yau ana harbawa, baƙo ya zabura, ɗan gari kuwa ya dubi agogo kawai.

Daga ƙofar fadar hanya ɗaya ce ta gangara gabas har gidan sarauta na Holyrood, ita ce Royal Mile, tsawonta mil ɗaya da ɗan ɗoriya. Dama da hagu ƙananan lunguna sun tsattsage daga jikinta kamar ƙayar kifi, waɗansu ma mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu. Dalilin wannan matsi kuwa tsoro ne. A 1513 Ingilishi suka ci mutanen Sikotilan da yaƙi a Flodden, har Sarki James na Huɗu ya faɗi a fagen daga, sai mutanen gari suka tashi gina ganuwa. Kudu da gabas ganuwa, arewa tafki, yamma dutse. Da jama'a suka yi yawa, babu inda za a nufa sai sama, aka yi ta ɗora bene kan bene, har waɗansu gidaje suka wuce hawa 10.

Gidan da ake kira Gladstone's Land, wanda wani ɗan kasuwa ya saya a 1617, yana nan da hawansa 6, kuma ana shiga a gani. Abin lura a irin waɗannan gidaje shi ne, attajiri da matalauci matakala ɗaya suke hawa. Masu hali suna hawan tsakiya, sun yi nesa da ɗoyin titi amma ba su sha wahalar hawa ba. Talakawa kuwa suna can ƙarƙashi ko can ƙuryar sama. Da dare ta taga ake watso ƙazanta, bayan an yi kururuwar gargaɗi ga mai wucewa. Zama ne na ƙunci ƙwarai, amma alƙali ya san fuskar mai sayar da kifi, ita ma ta san tasa.

Idan aka ci gaba da gangarawa, aka wuce majami'ar St Giles mai hasumiya kamar kambin sarauta, za a tarar da waɗansu tubala na tagulla a daɓen titi. Nan ne ƙofar gari ta gabas take kafin a rushe ta a 1764. Daga nan sai mai tafiya ya ɗan koma baya, ya bi gadar North Bridge, wadda aka fara buɗe ta farkonta a 1772, ya haye kwarin da tafkin nan yake a da. An janye ruwansa, yanzu lambu ne da tashar jirgin ƙasa.

Hayewa ke da wuya sai gari ya sake kama. A 1766 hukumar gari ta sa gasar zana sabon birni, wani saurayi mai suna James Craig, wanda bai kai shekara 30 ba, ya cinye. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa: manyan tituna uku a jere, watau Princes da George da Queen, da dandali ɗaya a kowane ƙarshe. Dandalin yamma, Charlotte Square, Robert Adam ne ya zana fuskokin gidajensa a 1791, ya jera su suka zama kamar fada guda; a lamba 6 shugaban gwamnatin Sikotilan yake zama. Tituna masu faɗi, tagogi manya, iska da haske ko'ina. Kyau kam babu gardama. Sai dai a nan kowa da ƙofarsa, barori da masu sana'a kuwa an tura su ƙananan titunan baya. Cikin shekaru kaɗan lauyoyi da likitoci da attajirai suka kwashe kayansu suka ƙetare kwari.

To, sai mu sake hayowa tsohon gari mu ga abin da suka bari. Masu gidaje suka rarraba ɗakuna, suka cusa 'yan haya, gyara kuwa babu. Ranar 24 ga Nuwamba 1861, cikin dare, wani dogon bene a High Street ya rufta, mutum 35 suka hallaka. A saman ƙofar lungun Paisley Close an sassaƙa fuskar wani yaro da aka tono da rai, wanda aka ce ya yi ta kiran masu tono su ci gaba domin bai mutu ba. Wannan masifa ce ta sa a 1862 aka naɗa Henry Littlejohn likitan kiwon lafiyar gari na farko, sa'an nan a 1867 aka yi dokar gyaran gari. Gyaran kuwa rushewa ne. Lunguna da yawa suka tafi, aka fitar da sababbin hanyoyi irin su Chambers Street. A bakin wannan titi tsohon ginin jami'a yake, kuma a jami'ar ne Walter Oudney ya sami digirin likita. Shi ne abokin tafiyar Kilabatan wanda ya rasu kusa da Katagum a 1824, Kilabatan ya wuce Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A ganina mutumin da tsohon gari ya fi cancanta ya gode wa shi ne Patrick Geddes, masanin tsirrai. A 1886 ya ɗauki amaryarsa suka tare a James Court, lungun talakawa kusa da fadar yaƙi, ya kama shara da shafen fenti da shuka furanni, maƙwabta suna kallo har suka sa hannu. Ra'ayinsa shi ne a yi wa gari aikin likitan fiɗa mai tausayi: a cire ruɓaɓɓen gini ɗaya don haske ya shiga, a gyara sauran, a bar mutane a unguwarsu. Tsakar gidajen da mai tafiya ke kutsawa ciki yau a wannan yanki, da jajayen rufin Ramsay Garden, daga wannan aiki suka fito.

Ba kullum aka bi shawararsa ba. A shekarun 1960 ita kanta jami'a ta rushe yawancin gidajen George Square ta kafa dogayen benaye na kankare. Ƙorafin da irin wannan ya jawo ya ƙarfafa masu kare tsofaffin gine-gine, kuma a 1995 hukumar UNESCO ta sanya tsohon gari da sabo tare cikin wuraren tarihi na duniya.

Yanzu ba guduma ce ke korar mazauna lungunan ba, kuɗin baƙi ne. Mai gida ya gane hayar kwana uku ga 'yan yawon buɗe ido ta fi masa riba bisa hayar shekara ga iyali, musamman a watan Agusta lokacin bukukuwan wasanni. Mai lura zai ga ƙananan akwatunan ajiye makulli jere a bakin ƙofofi. Tun Satumba 2022 hukumar gari ta wajabta neman izini kafin a mai da gidan zama masaukin baƙi.