Kafin A Sa Ki Barci A Yi Miki Aiki

Ya ku 'yan'uwana mata na Gaya da Ajingi, zancenmu na wannan mako a kan ranar da likita ya ce sai an yi aiki ne, ko a asibitin Gaya, ko kuwa a tura ki Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Kafin ranar, mai ba da maganin barci zai zauna da ke. Zai auna hawan jini, ya saurari ƙirji, ya sa a ɗibi jininki a ga ko ya isa, a kuma san irinsa don a tanadi na ƙari. Zai ce ki buɗe baki, domin ta nan bututun numfashi zai bi. In akwai haƙori mai girgiɗi, ko na Makka, nuna masa.

To, a wurin tambayoyi ne kunya take cutarmu. In kin yi ɓatan wata, ki faɗa. In kina da asma, ko ciwon sukari, ko sikila, ko an taɓa sa wani naku barci ya sha wuya, ki faɗa. Jiƙo da sassaƙen da kike sha ma magani ne, kada ki ɓoye don tsoron faɗa.

Sai maganar ci. Ƙa'ida ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa awa 2, jariri a tsai da nono awa 4, sai fa in likita ya faɗi wani lokaci dabam. Fura da kunu da koko duk abinci ne, ko da an dama su da ruwa-ruwa. Dalili kuwa, mai barcin magani ba ya iya tari, abin da ke cikinsa yakan taso ya faɗa huhu. Wani likita a Amurka, Mendelson, ya bayyana wannan a 1946, a kan mata masu haihuwa, don su haɗarin ya fi kusa da su. Saboda haka uwar da ta ji tausayin yaro ta ba shi koko a ɓoye, lalle ta gaya wa nas. Gara a ɗaga aikin.

Ku 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku takardar asibiti, ku haɗa musu kwalayen magungunansu su tafi da su. A goge jan farce, a kuma dakata da baƙin lalle a yatsu, gama a yatsa ake maƙala na'urar da ke nuna yawan iskar da ke cikin jini.