BINDIGA A GIDA: AKWATIN ƘARFE YA FI DIYYA ARAHA

 A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a cika yin ta a zaure ba, wato inda muke ajiye bindiga idan mun dawo gida.

Babu mai musun dalilin da ya sa da yawa daga cikinmu suka riƙe makami. Wanda ya taɓa koro shanu daga Butana, ko ya bi hanyar Doka zuwa Gallabat da kuɗin mutane a ƙugunsa, ya san 'yan fashin kan iyakar Habasha, waɗanda ake kira shifta, kuma ya san rigimar Fashaga. Gwamnati ta yi yekuwar karɓe makamai a 2017, har a watan Satumba na 2020 aka lalata bindigogi kimanin 300,000 a Hajar al-Asal. To amma da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman bayan faɗuwar Madani a Disambar wannan shekara, sai makami ya shiga gidajen da a da ko adda mai kyau babu.

A daidai wannan lokaci ne kuma gidajenmu suka cika da baƙi. 'Yan'uwa daga Khartum da Madani da Sinja suka sauka a wurinmu, gidan da ke da yara biyar ya wayi gari da goma sha biyar. Wasu sun koma, wasu suna nan. Shi kuwa maigida, sana'arsa ta tafiya ce: yau yana kasuwar Shuwak, jibi Hawata, ya yi kwana uku ko mako bai ga ɗakinsa ba. Bindigar fa? Tana ƙarƙashin katifa, ko an soke ta a jikin jinka, ko tana bayan buhun dawa, da harsashinta a ciki. Wai an ɓoye ke nan! Alhali duk wanda ya haifa ya san babu lungun da yaro bai sani ba a gidan ubansa.

Abin da muka karanta

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada su soki wani. Aka kuma karantar da mu cewa kisan kuskure yana da diyya ta raƙuma 100, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ita ma ta san da diyya. Mu da kullum muke yi wa dabba kuɗi, ba sai an buga mana lissafin raƙuma 100 ba. Kuma ko an biya, wane ne zai iya duban idon ƙanwarsa wadda ta gudo daga Madani da ɗanta lafiya, ta zo ta rasa shi a tsakar gidan wanta?

Yadda akwatin zai kasance

Ba lallai sai hazna irin ta banki ba. Duk mai walda da ya san aikinsa a cikin gari zai haɗa akwatin da zai wadatar, a kuɗin da bai kai na rago ɗaya mai kyau ba. Ga abin da za ka tsaya a kansa.

Na farko, farantin ƙarfen ya kai kaurin milimita 3. Akwatin kwano irin na lefe ba ya cikin lissafi, da guduma ɗaya ake ɓare shi. Na biyu, hinjin ƙofar ya kasance ta ciki, a kuma yi wa kwaɗo rumfar ƙarfe yadda zarto ba zai kai gare shi ba. A sayi kwaɗo mai nauyi, a nan ba a neman rangwame.

Na uku, a kafe akwatin. Akwatin da mutum biyu za su ɗauka su ɗora a amalanken jaki, ai ka ɗaure wa ɓarawo kaya ne. Mai ginin bulo ya ɗaure shi da bango da noti ta ciki. Mu masu ɗakunan ciyawa kuwa, da yake babu bangon dogaro, sai a haƙa rami a cikin ɗaki, a zuba kankare da rodi, a liƙa gindin akwatin a jikin rodin. A ɗaga dandamalin kamar taki ɗaya sama da ƙasa, domin baƙar ƙasar Gadarif tana riƙe laima da damina, laima kuwa ita ce uwar tsatsa. A riƙa shafa wa bindigar mai, kuma kada a naɗe ta a leda.

Na huɗu, harsashi daban, bindiga daban. Kafin ta shiga akwati a cire gidan harsashi, a ja a duba ko akwai ɗaya da ya maƙale a ciki, ana mai juya bakinta ga ƙasa, yatsa nesa da kunama. Wannan guda ɗayan da aka manta, shi ya fi yin ɓarna. Harsashin a sa shi a ƙaramin akwati mai nasa kwaɗon, nesa da murhu da fetur, don kowa ya san yadda gobara ke cin ɗakunanmu da rani.

Na biyar, makulli. Ya zauna a jikinka, tare da na shago. Na biyun a ba babban mutum guda mai hankali, ba samari ba. Ranar biki ma akwatin ya zauna a rufe, domin harsashin da aka harba sama don murna sai ya dawo ƙasa, kuma bai san amarya ba, bai san ɗan kallo ba.

Wani zai ce, "To Alhaji, idan ɓarayi suka diro cikin dare fa?" Amsa ita ce, akwati a gefen gado da makulli a wuya, buɗe shi bai kai ɗaura sirdi ba. Ɓarawo wata rana yake zuwa, ko ma bai zo ba. Yara kuwa kullum suna cikin ɗakin.

A kuma sani, akwati ba ya halatta makami. Dokar makamai ta 1986 ta wajabta lasisi, saboda haka wanda ba shi da takarda ya je wurin 'yan sanda ya daidaita al'amarinsa, ko ya miƙa abin ya huta.

Daga ƙarshe muna ba shugabannin ƙungiya shawara su tattara sunayen masu bukata, a ba mai walda ɗaya aikin a dunƙule don a sami sauƙi, wanda hannunsa bai kai ba a sa shi cikin adashi. Kowace dabba muna ɗaure ta kafin mu kwanta, har akuya. Bai kamata a ce bindiga ce kaɗai ke kwana a sake ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya dawo wa ƙasar nan da zaman lafiya, amin.